Na'urorin Duba Ƙwaƙwalwa: Aikinsu da Yadda Ake Koyon Sarrafa Su

Ya kai mai karatu, aza hannunka bisa kanka. Abin da ka taɓa ƙashi ne, wato ƙoƙon kai. A ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwa take. Nauyinta ga babban mutum bai kai kilo 1 da rabi ba. Amma da ita kake gane muryar ɗanka cikin hayaniyar kasuwa, da ita kake lissafin tiya nawa ke cikin buhu, da ita kuma kake haɗa baƙaƙen wannan rubutu su zama magana. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86. Duk da ƙanƙantarta, ita ke cinye kashi 1 cikin 5 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci.

Shekaru aru-aru likitoci ba su da hanyar ganin ƙwaƙwalwar mai rai sai an fasa kai. Yanzu akwai na'urorin da ke duba ta mutum yana zaune ko yana kwance, ba yanka, ba jini. Ya kamata ka san su. Wata rana likita yana iya tura ka, ko ya tura ɗanka, a yi masa irin wannan awo. Wataƙila kuma ɗiyarka da ke lakkol yau ita ce za ta riƙa sarrafa su gobe. Ban da haka, akwai wani bincike da aka yi da su wanda ya shafe ka kai tsaye, kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanka.

Gani iri biyu

Idan ka hau tudu ka hangi gari, za ka ga gidaje da rumbuna da hanyoyi. Wannan siffar garin ce. Amma ba za ka san gidan da ake girki ba sai ka ga hayaƙi. Haka na'urorin nan suke. Wasu suna nuna siffar ƙwaƙwalwa: ko akwai ƙari, ko jini ya zuba, ko wani wuri ya kumbura. Wasu kuwa suna nuna aikinta: wane sashe ne ya motsa lokacin da mutum yake magana, ko yake saurare, ko yake karatu. Likita ya fi bukatar na farko don neman ciwo. Mai bincike ya fi bukatar na biyu don ya fahimci yadda hankali yake aiki.

Hoton da muke kira radiyo a asibiti shi ne kakansu. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895. Radiyo yana nuna ƙashi sarai, amma ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, ba ta fita sosai a cikinsa. A 1971, a wani asibitin birnin Landan, aka fara ɗaukar hoton kan maras lafiya da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda yau ake kira sikana. Hasken radiyo ne dai take amfani da shi, sai dai tana zagaya kai tana haska shi ta kowane gefe, kwamfuta kuma ta haɗa hoton yanka-yanka kamar an yanka albasa. Sikana tana da sauri. Ita ake nema idan mutum ya yi hatsarin babur ya bugu a kai, ko ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya. Amma haskenta yana da illa idan ya yi yawa, saboda haka masu bincike ba su cika sa mai lafiya a cikinta don gwaji kawai ba. Na'urorinsu na yau da kullum biyu ne: EEG da IRM.

EEG: sauraren wutar da ke cikin kai

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wata ƴar wutar lantarki, irin wadda muke kira kuran, amma ƙarama ƙwarai. Batirin tocila yana da volt 1 da rabi. Wutar da ake samu bisa fatar kai kuwa, sai ka raba volt 1 gida miliyan, ka ɗauki kashi 10 zuwa 100. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara auna ta ga ɗan Adam a 1924, ya kuma bayyana wa duniya a 1929. Da farko abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba. Na'urar da ke wannan awo ita ce EEG.

Ka riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa suna tsorata idan suka ga wayoyi a kan yaronsu: EEG ba ta sa wa mutum wuta. Saurare kawai take yi. Ba zafi, ba allura.

Mai koyon aikin EEG ba da kwamfuta yake farawa ba. Da tef ɗin awo irin na tela yake farawa. Kawunan mutane ba girmansu ɗaya ba, alhali ana so kowace waya ta zauna bisa sashe guda na ƙwaƙwalwa ga kowa, ko a Yamai aka yi awon ko a Faransa. Don haka aka tsara wata ƙa'ida a 1958 da ake kira tsarin 10-20. Ga yadda take. Ana aunawa daga karan hanci, tsakanin idanu, a bi ta tsakiyar kai har zuwa ɗan tudun ƙashin da ke ƙeya. A ce an samu santimita 36. Kashi 10 cikin 100 na wannan shi ne santimita 3 da milimita 6: nan ake sa alamar farko a goshi. Daga nan sai a riƙa ƙara kashi 20 cikin 100, wato santimita 7 da milimita 2, har sau 4. Abin da ya rage kashi 10 ne zuwa ƙeya. Tsakiyar kai tana faɗawa daidai santimita 18. Haka kuma ake aunawa daga kunne zuwa kunne, sa'an nan a zagaya kai. Kai da ka koyi rabawa a aji, ka ga inda lissafi yake amfani.

Kowane wuri yana da suna: harafi da lamba. Harafin yana faɗin sashen kai, misali F na gaba, T na wajen kunne, O na ƙeya. Lambobin da ba su rabuwa biyu, kamar 1, 3, 7, na hagu ne. Masu rabuwa biyu, kamar 2, 4, 8, na dama ne. A asibiti ana sa wayoyi 21. A ɗakunan bincike ana amfani da hula mai wayoyi 32 ko 64, har ma 128 ko fiye.

Bayan alama sai a buɗe gashi, a goge fatar wurin, a sa wani man da ke barin wuta ta wuce, a manna ɗan faifan ƙarfen da ke bakin waya. Kwamfuta tana nuna wayar da ta zauna da kyau da wadda ba ta zauna ba. Nan ne sabon shiga yake shan wahala. Abin da gwani yake gamawa cikin ƴan mintoci yana iya cinye masa awa guda. Ɗalibai sukan koya a kan junansu sau da yawa kafin a bar su su taɓa kan baƙo.

Gashi ma yana da nasa labarin. An ƙera yawancin hulunan nan ne da gashin Turawa a zuciya, mai santsi da kwanciya. Gashinmu mai kauri da murɗewa yakan ɗaga faifan daga fata, awon ya lalace. Shekaru da yawa wannan ya sa ana barin baƙar fata a baya cikin bincike. A wajen 2020, a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, wata ɗaliba mai suna Arnelle Etienne da abokan aikinta suka nuna mafita: a yi wa mutum kitso bisa layukan tsarin 10-20, a maƙala wayoyin a tsagar kitson. Abin da makitsiya ta sani tun kaka da kakanni shi ya warware matsalar masana.

Idan an gama ɗaura wayoyi, layuka suna fara gudu bisa allon kwamfuta, suna hawa suna sauka. Gwajin farko da ake nuna wa kowane ɗalibi shi ne wanda Berger ya yi. A ce wa mutum ya rufe ido ya natsu. Nan da nan layukan ƙeya sukan shiga wani kaɗi mai tsari, wajen sau 10 cikin daƙiƙa guda. Ana kiransa alfa. Da ya buɗe ido sai kaɗin ya ɓace. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake shakkar cewa ƙwaƙwalwa ce take magana.

Sai dai ba duk abin da ke fitowa bisa allo ne yake daga ƙwaƙwalwa ba, kuma rabin koyon aikin shi ne gane wannan. Ƙifta ido yana jawo babban tudu a layukan goshi. Cije haƙori yana cika allo da ƙazanta kamar an watsa ƙaiƙayi. Zufa tana sa layi ya riƙa lilo a hankali, abin da mai aiki a ƙasa mai zafi irin tamu zai riƙa gamuwa da shi duk bazara. Wayoyin kuran na bango su ma suna shiga da nasu kaɗin, sau 50 cikin daƙiƙa. Wanda bai ƙware ba yana iya ɗaukar ƙifta ido a matsayin ciwo. Shi ya sa mai awo yake zaune yana kallon mutum, yana rubuta duk abin da ya faru: ya yi tari, ya haɗiyi yawu, ya yi gyangyaɗi.

A ɗakin bincike ana ƙara wani abu. Misali, a riƙa buga wa mutum ƙara iri ɗaya a kunne, jefi-jefi a sako wata dabam. Duk lokacin da baƙuwar ƙarar ta zo, ƙwaƙwalwa tana amsawa bayan kamar sulusin daƙiƙa. Amsar ƙarama ce, ba a ganinta a karo ɗaya. Sai an maimaita sau da yawa, kwamfuta ta tara su ta fitar da matsakaici, sa'an nan hayaniya ta kwanta amsar ta fito. Dole ɗalibi ya tabbata kwamfutar da ke buga ƙara da wadda ke awo agogonsu ya yi daidai. Idan suka saɓa ko da kaɗan, aikin wata guda ya tashi a banza.

A asibiti, babban amfanin EEG shi ne binciken farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane wajen miliyan 50 ke da wannan ciwo, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 suna iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Farfaɗiya wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Idan an tura ɗanka awon EEG, a wanke masa kai da sabulu, kada a shafa mai. Mace ta tambaya tun da wuri ko za ta tsefe kitso. Kada a tsai da magani sai likita ya ce. Awon yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 bayan ɗaura wayoyi, kuma ana iya sa yaro ya yi numfashi da ƙarfi na minti 3, ko a haska masa fitila mai walƙiya. Ka sani kuma awo yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon yana nan. Saboda haka bayanin wanda ya ga faɗuwar da idonsa yana da nauyi ƙwarai wurin likita.

IRM: ɗakin maganaɗisu

A ƙasarmu ana ce mata IRM, a Najeriya da Gana kuma MRI. Wani babban bututu ne da ake tura mutum ciki yana kwance bisa gado. Ba ta amfani da hasken radiyo. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne. Maganaɗisun na'urar yana jera wasu ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwan su fuskanci wuri guda. Sai a aiko masu da igiyar rediyo ta ture su, idan suna komawa mazauninsu su fitar da wata ƴar amsa. Amsar kitse dabam, ta ruwa dabam, ta ƙari dabam. Da wannan bambanci kwamfuta take zana hoton. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, waɗanda suka buɗe wannan hanya a shekarun 1970, sun samu kyautar Nobel a 2003.

Darasin farko na IRM ba na ɗaukar hoto ba ne, na tsare rai ne. Ana auna ƙarfin maganaɗisu da ma'aunin da ake kira tesla. Na asibiti galibi tesla 1 da rabi ne, na bincike tesla 3. Tesla 3 ya ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, wajen sau 60.000. Wayar da ke haifar da shi tana jiƙe cikin ruwan wata iska da ake kira heliyom, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Cikin irin wannan sanyi wuta tana ta zagayawa cikin wayar ba tsayawa. Ma'anar wannan ita ce maganaɗisun ba ya mutuwa. Da dare yana nan. Ranar hutu yana nan. Ko an ɗauke kuran yana nan.

Duk ƙarfen da maganaɗisu ke ja, idan ya shiga ɗakin sai ya tashi sama kamar kibiya: almakashi, makulli, kujera, guga. A 2001, a wani asibiti na jihar New York ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 6 yana cikin na'urar aka shigo da tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe. Maganaɗisu ya fizge ta, ta buge shi a kai, ya rasu. Har yau ana ba sababbin ɗalibai wannan labari. Ba a yarda mai koyo ya kusanci ƙofar ɗakin sai ya ci jarrabawar tsaro, kuma a ɗakunan bincike da yawa doka ce kada mutum ɗaya ya yi aiki shi kaɗai. Mai shara da mai gadi ma sai an koya masu.

Daga nan ɗalibi ya koyi yi wa mutane tambayoyi, kuma kai ma idan an tambaye ka kada ka ɓoye komi. An taɓa yi maka aiki aka sa ƙarfe a jiki? Akwai na'urar taimakon bugun zuciya a ƙirjinka? Harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga jikinka? Maƙeri ne kai, ko mai walda? Wannan tambaya ta ƙarshe ba raini ba ce: ɗan ƙarfen da ya faɗa ido shekaru da suka wuce yana iya motsawa ya lalata gani. Mace ta faɗa idan tana da ciki. Ana tuɓe zobe, ƴan kunne, sarƙa, agogo, tsinken gashi, salula da kuɗin ƙarfe. Laya da guru da kambu su ma a bar su waje, domin ba kullum mai su ya san abin da aka ɗinke a ciki ba. Kwalli ma a wanke shi, yana iya ɓata hoton wajen ido.

Kafin a ba ɗalibi mutum, ana ba shi gora ko ƙwallo mai cike da ruwa na musamman ya ɗauki hotonsa. Da wannan ne kuma ma'aikata suke gwada lafiyar na'urar a kai a kai. Sa'an nan ya koyi kwantar da mutum: toshe masa kunnuwa, domin ƙarar na'urar tana da ƙarfi har tana iya cutar da ji; sa kansa cikin wani kwando da ke karɓar amsar; tokare shi da matasai don kada ya motsa; ba shi ɗan ƙwallon roba a hannu wanda zai matsa idan yana son a tsaya. Motsin milimita kaɗan ya isa ya ɓata hoto. Wasu mutane kuma ƙuncin bututun yana tsorata su. Mai aikin da ya iya magana mai sanyi ta lasifika, yana faɗa wa mutum saura minti nawa, ya fi samun hoto mai kyau bisa wanda ya san maɓallai kawai.

Bin sawun jini

A 1990 wani masani ɗan Japan mai aiki a Amurka, Seiji Ogawa, ya nuna cewa jinin da ke ɗauke da iskar numfashi da wanda ya sauke ta ba su fita iri ɗaya a IRM. Sashen ƙwaƙwalwar da ya shiga aiki, jiki yana aika masa sabon jini fiye da bukatarsa. Kamar dai ka ga mata suna ta kai ruwa da itace wani gida: ba ka shiga ba, amma ka san ana biki. Da wannan dabara IRM ta koma tana nuna aiki, ba siffa kaɗai ba.

Gwajin da ake fara koya wa ɗalibi mai sauƙi ne. Wanda ke ciki ya motsa yatsun hannun dama na daƙiƙa 20, ya huta daƙiƙa 20, a maimaita. Na'ura tana ɗaukar hoton dukan ƙwaƙwalwa kamar kowace daƙiƙa 2. Idan aka kwatanta lokacin motsi da na hutu, sai a ga wani wuri a ɓangaren hagu ya haskaka, domin hagun ƙwaƙwalwa ke sarrafa daman jiki. Amma jini ba shi da sauri: sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙarshen hawansa. To ka ga kowace na'ura da gwanintarta. EEG ta san lokaci sarai amma ba ta iya nuna wuri daidai. IRM ta san wuri amma tana makara.

Launukan ja da rawaya da kake gani a irin waɗannan hotuna ba a cikin kai suke ba. Sakamakon lissafi ne, kuma lissafi yana iya yaudara. A 2009 wani mai bincike a Amurka, Craig Bennett, da abokansa suka ba da labarin wani gwaji. Sun sa mataccen kifi cikin na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, suka yi lissafi ba tare da gyaran da ya kamata ba. Sai ga wuri ya haskaka a kan kifin, kamar yana tunani. Dalili shi ne kwamfuta tana gwada wurare dubu-dubai a lokaci guda, kuma cikin dubbai dole wasu su faɗa daidai bisa sa'a kawai. Da gangan suka bayyana abin don su ja kunnen ƴan'uwansu. Ɗalibi yakan ɗauki makonni yana koyon maɓallan na'ura, amma lissafin yana cin shekaru.

Mutane sukan tambaya ko na'urar tana karanta abin da ke zuciya. Wadda ke asibiti ba ta yi. A 2023 wasu masana a jihar Texas sun iya hasashen ma'anar labarin da mutum yake saurare daga hoton ƙwaƙwalwarsa, amma sai da kowane mutum ya kwanta awa 16 cikin na'urar ana horar da kwamfuta a kansa, kuma idan ya ƙi ba da haɗin kai abin ba ya yiwuwa.

Abin da aka gani a kan masu koyon karatu da girma

A 2010 wani masanin Faransa, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa suka bayyana binciken da suka yi a Barazil da Fotugal. Sun sa manya 63 cikin IRM: 10 ba su iya karatu ba, 22 sun koya da girmansu, 31 sun koya tun suna yara. Aka riƙa nuna masu rubutu, da fuskoki, da gidaje, da kayan aiki. Ga waɗanda suka iya karatu, wani ɗan wuri a gefen hagu, can ƙasa wajen bayan kunne, yana amsawa da ƙarfi idan ido ya ga baƙaƙe. Rubutun kuma yana tayar da sassan da ke fahimtar magana, kamar an faɗa masu a kunne. Ga wanda bai iya ba, ba a ga haka ba. Waɗanda suka koya da girma fa? An samu yawancin waɗannan canje-canje a kansu su ma, kuma gwargwadon saurin karatun mutum, gwargwadon ƙarfin amsar.

A 2017 aka bayyana wani binciken daga Indiya. An koya wa manya da ba su taɓa karatu ba, galibinsu mata, na wata 6. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu kafin farawa da bayan gamawa. Aka ga haɗin da ke tsakanin sashen gani da wasu sassa masu zurfi ya ƙaru. Idan wani ya ce maka kan babba ya riga ya bushe, ka san an duba, kuma ba haka aka gani ba.

A nahiyarmu

Na'urorin nan suna da tsada, suna son kuran da ba ya yankewa, da ɗaki mai sanyi, da tsaro daga ƙura. Saboda haka a ƙasashenmu sun taru a manyan asibitocin birane, kuma neman ciwo ya fi bincike yawa. Duk da haka an yi ayyuka masu nauyi. A birnin Blantyre na Malawi an ɗauki hoton yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masu ƙwaƙwalwa har suka suma. Sakamakon ya fito a 2015. Cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai. Cikin waɗanda suka rayu kuwa, kashi 27 cikin 100 ne kawai suka yi irin wannan kumburi. Wannan ya nuna wa likitoci inda za su nemi hanyar ceto. A ƙauyen Keneba na Gambiya an yi amfani da wata ƙaramar na'ura mai aiki da haske: hula ce da ake sa wa jariri yana kan cinyar uwarsa, hasken ya ratsa fata da ƙashi ya auna jini. An bayyana aikin farko a 2014, kuma manufarsa gano yadda tamowa ke taɓa girman ƙwaƙwalwa. Tun 2020 kuma akwai ƙaramar IRM mai ƙafafun taya da ake jonawa a bango kamar firji. Hotonta bai kai na babbar kyau ba, amma tana zuwa har bakin gadon maras lafiya.

Masu wannan aiki kashi-kashi ne. Akwai ma'aikacin da ke sarrafa na'ura, wanda galibi yakan yi shekara 3 na karatu bayan bakaloriya. Akwai likitan da ke fassara hoto, wanda ya ƙara shekaru bayan karatun likita. Akwai mai gyara, wanda rashinsa kan sa na'urar miliyoyi ta kwanta wata da watanni. Ma'aikacin da ya ɗauki hotonka ba shi ne zai faɗa maka sakamako ba, kada ka ga kamar ɓoye maka yake yi.

Idan aka gayyace ka shiga bincike

Bincike dabam, magani dabam. Tun 1964 likitocin duniya suka amince da wata yarjejeniya a birnin Helsinki wadda ta tsara haƙƙin mutumin da ake bincike a kansa, kuma kowane mai koyon aikin nan sai ya karanta ta. Dole a yi maka bayani da harshen da kake ji: mi za a yi, minti nawa zai ɗauka, wace illa ke akwai, wa zai ga hotonka. Idan karatunka bai kai ga takardar ba tukuna, a karanta maka ita gaban shaidar da ka yarda da shi kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Kana da ikon ƙi, kana da ikon fita ko an fara, kuma wannan ba zai hana a duba ka a asibiti ba. Yaro sai da yardar uwa ko uba ko mai riƙonsa. Ana cire sunanka daga hoton a sa lamba.

Tambaya guda kuma kada ka manta da ita: idan aka ga wani abu a kaina wanda ba a zata ba, wa zai faɗa mini, kuma ina za a tura ni? Masu bincike da yawa ba likitoci ba ne, kuma hoton bincike ba a tsara shi don neman ciwo ba. Idan kana fama da ciwon kai mai tsanani, ko faɗuwa, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ka tafi asibiti tun ranar, kada ka jira masu bincike.